Bashin Harafin da Ba Ya Magana

A Turanci, kalmar da ke nufin bashi ita ce "debt". Haruffa huɗu ake rubutawa, uku kawai ake furtawa, domin "b" ɗin da ke ciki ba ya motsa leɓen kowa. Tun ƙarni biyar da suka wuce yake zaune a wurin, bai taɓa yin aikin sauti ba, amma duk ɗalibin da ya mance da shi a jarrabawa sai an ja masa jan biro. Harafi ya ci bashi, yaro ke biya. Tambayar da wannan rubutu yake son ya bi ita ce: idan ƙa'ida ba ta da tsari, kuma tarihin da ya haife ta cike yake da haɗari da kuskure, da wane haƙƙi muke auna hankalin mutum da ita, har mu raina shi ko mu rufe masa ƙofa?

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san yadda abin ya faro. Turancin Ingila yana da sautuka kimanin 44, haruffansa kuwa 26 ne, aro daga Latin. Riga ce da aka ɗinka wa wani, aka sa wa wani. A zamanin da, Ingilishi sun yi ƙoƙarin cike giɓin da haruffa nasu, irin su "þ" mai sautin da yau ake rubutawa "th". Da aka zo zamanin buga littattafai da inji, kayan haruffan da ake shigowa da su daga ƙetare ba su da wannan harafi, sai wasu maɗaba'a suka riƙa sa "y" a madadinsa saboda sun yi kama a rubutun hannu. Shi ya sa har yau ake ganin "ye" a allon wasu shaguna masu son su yi kama da na tsohon zamani, mutane suna karantawa da sautin "y", alhali "the" ce tun asali.

A 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, magatakardan da suka saba da shi kuma suka juya rubutun Turanci zuwa ga al'adar alƙalaminsu. "Cwen", wato sarauniya, ta koma "queen". Dubban kalmomi suka shigo, kowace da ƙa'idar gidan ubanta.

Sai kuma babban haɗarin. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, a Westminster. Ya daɗe yana zaune a birnin Bruges, kuma masana da yawa suna danganta "h" ɗin da ke cikin "ghost" da ma'aikatan ɗab'i 'yan yankin Flanders waɗanda suka saba ganinsa a tasu kalmar. Inji yana son abu ya tsaya wuri ɗaya, sai rubutu ya fara daskarewa. A daidai wannan lokaci kuma bakin mutane yana ta tafiya. Tsakanin wajejen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan Turanci gaba ɗaya suka sauya mazauni, abin da masanin harshe ɗan Denmark, Otto Jespersen, ya raɗa wa suna babban ƙauran wasula. Kalmar "time" da ake furtawa da dogon "i" ta koma "taim". "Name" da ake furtawa da dogon "a" kamar na Hausa ta koma "neim". A zamanin mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ana furta "k" ɗin "knight", ana kuma furta "gh" ɗinta da wani sauti daga maƙogwaro. Sautukan suka mutu, haruffan suka tsaya kamar kufai. Daga nan ne aka samu "ough" guda ɗaya mai fuska da yawa: "through", "though", "tough", "cough", "bough", "thought", babu biyu da suka yi amo ɗaya.

Duk wannan ana iya cewa ƙaddara ce. Amma akwai abin da aka yi da gangan. A ƙarni na 16 malaman da suka ƙware a Latin suka ga ya dace kalmomin Turanci su nuna asalinsu mai daraja. "Dette" da "doute" suna zamansu lafiya yadda aka aro su daga Faransanci, sai aka cusa musu "b" domin a tuna da "debitum" da "dubitare" na Latin. A wani wurin ma malantar ta yi tuntuɓe. Kalmar "island" tsohon Turanci ce tsantsa, ba ta da "s" a asalinta, amma aka zaci 'yar'uwar "isle" ce mai tushe a Latin, aka liƙa mata. Ke nan yaron da ya rubuta ta ba tare da "s" ba ya fi kusa da gaskiyar tarihi fiye da ƙamus. Shi kansa Shakespeare, sa hannunsa guda shida da suka rage ba su zo da haruffa iri ɗaya ba. Sai da ƙamus ɗin Samuel Johnson ya fito a 1755, makarantu suka yawaita, sannan sanin "daidai" ya zama alamar ɗan gidan mutunci.

Kunnen Bahaushe ya daɗe da gano wannan rikici ba tare da ya shiga aji ba. Da kakanninmu suka ji hafsoshin Birtaniya, sai suka ce kanar, suka ce laftanan, domin abin da bakin Baturen ya faɗa ke nan. A takarda kuwa "colonel" ne da "lieutenant": na farko babu "r" a cikinsa, na biyu babu "f". Haka masu kallon ƙwallo suka san Lesta tun lokacin da ƙungiyar ta ɗauki kofin Firimiya a 2016, Ahmed Musa ya je can a shekarar, alhali a allo "Leicester" ake gani. Wanda ya koya da kunne ya dace, wanda ya amince wa harafi shi ne ya sha kunya.

To, wa ke biyan kuɗin wannan tarihi? A 2003 wasu masana uku, Seymour da Aro da Erskine, suka kwatanta yadda yara ke koyon karatu a harsunan Turai goma sha uku. A harsunan da rubutunsu ke bin furuci, irin su na Finland da Italiya da Sifen da Girka, yawancin yara sun iya karanta kalmomi masu sauƙi kafin ƙarshen shekarar farko. Yaran da ke koyon Turanci, kuma harshen uwarsu ne, sun ɗauki fiye da ninki biyu na wannan lokaci. Wani bincike da Paulesu da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 ya duba masu larurar wahalar karatu a Ingila da Faransa da Italiya. Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwarsu iri ɗaya ne, amma 'yan Italiya sun fi samun sauƙin karatu saboda rubutunsu ba ya yi musu tarko. Larura ɗaya, nauyi daban, kuma bambancin daga takarda yake.

Idan haka ne ga ɗan Ingila, yaya yaron da ya fara jin harshen a aji ɗaya na firamare, daga bakin malamin da shi ma a littafi ya koya? A Nijeriya ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, ko da lissafi mutum zai karanta. Akwai ma sashen jarrabawar da ke gwada furuci, amma a takarda ake yin sa: a ba ka kalmomi, ka zaɓi wadda wasalinta ya yi daidai da na wata, ba tare da ka ji kowa ya furta ba. Yaron da ke gidan da ake Turanci da safe da yamma ya riga ya ci rabin jarrabawar kafin ya zauna. Wanda ba shi da wannan gata sai hadda. Abin da ake aunawa a nan, da yawansa, shi ne yawan shekarun da mutum ya yi kusa da harshen, kuma kusancin nan kuɗi ke saye.

Nan ne mai hankali zai ce, to a gyara mana. An gwada. Noah Webster a Amurka ya ci nasara da "color" da "center" ta hanyar ƙamus ɗinsa na 1828, amma "tung" da "wimmen" da ya taɓa kawowa jama'a suka ƙi. A 1906 attajirin ƙarafa Andrew Carnegie ya zuba kuɗi a wata hukumar sauƙaƙa rubutu, Shugaba Theodore Roosevelt ya umarci maɗaba'ar gwamnati ta yi amfani da sabon salon kalmomi 300. Jaridu suka yi ta yi masa dariya, Majalisar Wakilai ta ƙi amincewa a watan Disamba na shekarar, ya janye. George Bernard Shaw, wanda ya rasu a 1950, ya bar wasiyya a ƙirƙiro sababbin haruffa da dukiyarsa. An ƙirƙira, an buga wasan kwaikwayonsa ɗaya da su a 1962, abin ya tsaya nan. A wasu ƙasashe gyara ya yiwu: Turkiyya ta sauya haruffanta a 1928, Jamusanci ya yi gyaran ƙa'idoji a 1996, Sarki Sejong na Koriya ya ƙaddamar da haruffa 28 a 1446 musamman domin talakan da ba zai iya koyon rubutun Sin ba. Amma duk waɗannan suna da hukuma ɗaya da za ta ce a yi. Turanci ba shi da sarki, ba shi da majalisar harshe irin wadda Faransa ta kafa a 1635.

Kuma adalci ya sa a saurari masu kare tsohon rubutun, domin hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko, harafin da ya yi shiru a wata kalma yakan yi magana a 'yar'uwarta. "G" ɗin "sign" yana fitowa a "signature". "W" ɗin "two" yana raye a "twin" da "twelve" da "twenty". A littafinsu na 1968, Chomsky da Halle sun kafa hujja da irin wannan, suka ce rubutun Turanci ya fi yadda ake zato tsari, domin ma'ana da dangantakar kalmomi yake nunawa. Na biyu, rubutun yana raba kalmomin da baki ya haɗe: "right" da "write" da "rite". Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, idan za a rubuta Turanci yadda ake furta shi, furucin wa za a bi? Mutumin Landan ba ya furta "r" ɗin "car", mutumin Sikotilan da yawancin Amurkawa suna furtawa. Ga na Indiya, ga na Jamaika, ga na Legas, kuma masu amfani da harshen a matsayin na biyu sun fi 'yan gado yawa. Rubutun da bai dace da bakin kowa ba shi ne ya zama dandalin da kowa ke haɗuwa. Ranar da aka ɗinka shi daidai da bakin wani, sauran duk sun zama baƙi.

Saboda haka ga dukkan alamu rubutun nan zai zauna yadda yake. Idan ba za a iya sauke kayan ba, tambayar ɗabi'a sai ta koma kan yadda muke mu'amala da wanda kayan suka yi wa nauyi. A nan akwai bambanci tsakanin kuskure da laifi, da kuma tsakanin jahilci da rashin hankali. Sanin cewa "receive" tana da "ei" alhali "believe" tana da "ie" labari ne da ake ji a riƙe, kamar sanin ranar kasuwar wani gari. Babu wanda zai iya gano shi da kaifin tunani. Hasali ma yawancin kurakuran yara alamar tunani ne: yaro ya koyi doka, ya yi aiki da ita, harshen ne ya karya alkawari. A 1992 mataimakin shugaban Amurka, Dan Quayle, ya ziyarci wata makaranta a New Jersey, wani yaro ya rubuta "potato" daidai a allo, shi kuwa ya sa yaron ya ƙara "e" a ƙarshe, bisa katin da aka miƙa masa mai ɗauke da kuskuren. Duniya ta yi wa Quayle dariya shekara da shekaru. Abin lura a labarin shi ne yaron ya san amsa, amma ya ɗauki alli ya ɓata ta, saboda babba ya ce. Sau da yawa abin da muke kira daidai a harshe, muryar mai iko ce.

Tarihi ya nuna inda wannan ke kaiwa idan aka mayar da shi makami. A 1901 Ostireliya ta kafa dokar da ta ba jami'in shige da fice damar yi wa baƙo shifta ta kalmomi 50 a kowane harshen Turai da jami'in ya ga dama. Manufar ita ce hana waɗanda ba farare ba shiga ba tare da an ambaci launin fata ba. A 1934 aka so a hana ɗan jarida Egon Kisch shiga saboda siyasarsa. Da yake ya iya harsunan Turai da dama, sai aka yi masa shiftar da harshen Gelik na tsaunukan Sikotilan. Babbar kotu ta soke hukuncin, amma jarrabawar ta zauna har 1958. A kudancin Amurka ma an yi amfani da gwajin karatu wajen hana baƙaƙen fata zaɓe har zuwa dokar 1965. Wanda ke son ya kori mutum ba tare da ya faɗi dalili ba, ba shi da abokin aiki kamar ƙa'idar da ba ta da tsari, domin kowa na iya faɗuwa a cikinta, mai gadi ne ke zaɓar wanda za a gwada.

Namu bai kai can ba, amma jininsu ɗaya. Wanda ya ce "pipti" a madadin "fifty" ana mayar da shi abin barkwanci a Facebook, alhali dalilin a fili yake: Hausa tana da sauti ɗaya ne a wurin da Turanci ke da biyu. Baturen da ya kasa raba "kafa" da "ƙafa", ko "daidai" da "ɗaiɗai", ba mu ce masa daƙiƙi, har ma yaba masa muke don ya yi ƙoƙari. Rauni iri ɗaya ne, hukunci biyu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba harafi muke girmamawa ba, matsayin mai harshen muke durƙusa wa. Haka wanda ya ga muhawara ta fi ƙarfinsa sai ya koma tsintar kurakuran rubutun abokin jayayyarsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Kafin mu yi wa Turanci dariya kuma, mu leƙa ɗakinmu. Rubutun boko na Hausa ya fi na Turanci bin furuci nesa ba kusa ba, amma ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. "Gari" na iya zama birni ko abin tuwo. "Kuka" na iya zama hawaye ko bishiya. "Wuya" na iya zama gaɓar jiki ko wahala. Mu ba ma jin nauyin wannan domin mun san harshen tun kafin mu ga takarda, amma baƙon da ke koyo yana shan irin wahalar da muke sha da "ough". Ajami ya fi boko nuna dogon wasali. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suna nan tun shekarun 1930, amma dubi yadda ake zubar da su a waya. Kuma har yau Nijeriya na rubuta 'y, Nijar na rubuta ƴ. Kowane rubutu yarjejeniya ce tsakanin mutane, kuma kowace yarjejeniya tana da wanda ta sauƙaƙa wa da wanda ta ɗora wa kaya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Shin wannan na nufin kowa ya rubuta yadda ya ga dama? A'a. Akwai wurin da harafi ɗaya rai ne. Magungunan "hydroxyzine" da "hydralazine" sun yi kama a ido, amma ɗaya na ƙaiƙayi da damuwa ne, ɗayan na hawan jini. Saboda irin wannan ne ake rubuta wani sashe na sunayen da manyan haruffa a asibitoci da dama. Mutane da yawa sun san wahalar da ke biyo baya idan takarda ɗaya ta ce Muhammad, wata ta ce Mohammed, kwamfuta kuma ta ce mutum biyu ne. Mai rubuta takardar magani, da magatakardan kotu, da editan jarida, kula da harafi amana ce a wuyansu, domin wani ne zai sha wahalar sakacinsu. Ko a rubutun yau da kullum, wanda ya iya kuma ya ƙi kulawa ya ɗora wa mai karatu aikin da nasa ne. Gyara rubutu ladabi ne ga wanda zai karanta, kamar share ƙofar gida kafin baƙo ya iso.

Ke nan haƙƙin ya rabu uku. Mai rubutu ya yi iyakar ƙoƙarinsa gwargwadon abin da ya samu damar koya. Mai karatu ya nemi ma'ana kafin ya nemi aibi, idan kuma zai gyara, ya gyara yadda shi ma zai so a gyara masa, a keɓe, ba a tsakiyar kasuwa ba. Mai gadin ƙofa, wato malami da mai ɗaukar ma'aikata da mai tsara jarrabawa, shi ne mai nauyi mafi girma: ya tambayi kansa ko abin da yake aunawa aikin yana buƙatarsa da gaske. Idan mai gyaran rubutu ake nema, a gwada rubutu. Idan makaniki ake nema ko mai lissafin kuɗi, "b" ɗin "debt" ba shi da abin cewa.

Akwai kuma abin da malami zai iya yi gobe da safe ba tare da jiran wata hukuma ba: ya faɗa wa yara gaskiya. Yaron da aka ce masa "haka ake rubutawa, kai ne ba ka da kai" yana fita da tabon da kan daɗe. Wanda aka ce masa "wannan harafin da ana furta shi, shekaru ɗari shida da suka wuce, ya mutu aka bar gawarsa a kalmar" yana fita da labari, kuma labari ya fi bulala zama a kai. Zai haddace "knight" ɗin dai, amma zai haddace ta yana sane da cewa matsalar ta girme shi, ta girmi malaminsa, ta girmi ƙasar da yake zaune a ciki. Bashin ba shi ya ci ba. Idan dole ne ya biya domin duniya ta tsaya a haka, mafi ƙarancin adalci shi ne kada a haɗa masa da zagi.